Korau da Zuciyar Dutsen Maraya

Masu kawo labarai daga nesa sun ce, a wani fili da ido ke gajiya da dubawa bai ga tudu ba, akwai dutse ɗaya tal da ya tashi sama kamar an kife ƙatuwar ƙwarya. Tafiyar kwana goma ta kowace fuska babu wani tsauni kusa da shi. Shi ya sa mutanen garin da ke gindinsa suke ce masa Dutsen Maraya. Sau ɗaya a shekara, idan damina ta ɗauke, dutsen nan yakan yi ajiyar zuciya, har tukwane su motsa a kan murhu, kaji su yi tsit.

A bayan dutsen, inda babu gida sai nasa, wani mutum mai suna Korau yake zaune. Sana'arsa sassaƙa dutsen niƙa. Da can shi da ƙanensa Jatau suke yin ta. Sukan tara itace a jikin dutsen su hura wuta, in ya gasu su kwara masa ruwan sanyi, sai ɓawonsa ya ɗago su ɓamɓare su sassaƙa. Wata safiya Korau ya hura wutarsa a sama, Jatau yana ƙasa yana tattara kayan aiki, sai wani falale mai faɗin ɗaki biyu ya saki daga jikin dutsen, ya sulalo ya rufe shi. Kwana uku mutanen gari suna haƙa kafin su kai ga gawarsa. Babu wanda ya ce wa Korau komai. Amma mata suka koma sayen dutsen niƙa wurin fatake, in ya ratsa majalisa hira ta tsaya sai ya wuce. Matar Jatau ta kwashi 'ya'yanta ta koma garinsu. Korau ya tashi daga cikin gari ya gina ɗaki a bayan dutse. Shekara goma sha tara ke nan yana sassaƙa duwatsun da ba mai saye, yana jera su a gindin katanga.

Wata rana da hantsi ya ɗora kurfi, ƙarfen sassaƙarsa, a jikin dutsen ya buga guduma, sai ya ji ya amsa da ƙara irin ta ganga. Ya sake bugawa. Dutsen ya tsage daga sama har ƙasa, ƙofa ta buɗe, wata murya ta fito daga ciki ta ce, "Shigo, mai guduma. Ka daɗe kana ƙwanƙwasawa."

Korau ya yi bismilla ya shiga. Ya iske wani zaure wanda garinsu duka zai shige cikinsa, bangonsa na ba da haske. Kujeru ɗari na dutse sun kewaye zauren. Casa'in da tara babu kowa a kansu. A kan ta ƙarshe wani tsoho ne zaune, fatarsa duk tsaga, cediya ta tsiro a kafaɗarsa ta zura saiwoyi cikin wuyansa.

Korau ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tsohon ya ce, "Ni ne wanda kuke kira Maraya. Mu ɗari ne, uba ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kawunanmu sun wuce gajimare. Filin nan da kake gani a shimfiɗe, mazaunin 'yan'uwana ne. Rana ta gasa su, sanyi ya tsaga su, iska ta kankare su, ruwa ya kwashe su ƙwaya-ƙwaya ya kai teku. Ni na fi su tauri, shi ne na saura. In na jira ruwa ya kai ni, sai bayan shekara dubu sau dubu, kuma na gaji. Ina son ka ɗauki zuciyata ka kai ta inda suke."

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba matafiyi ba ne. Kuma akwai jini tsakaninmu. Ko kai ka kashe mini ƙane, ko ni na kashe shi, har yau ban sani ba."

Tsohon ya ce, "Ƙanenka bai mutu nan take ba. Ya kai azahar a ƙarƙashina yana magana, ba wanda ya ji sai ni. Maganarsa tana cikin zuciyar nan, tare da amsar tambayarka. A bakin teku za ta faɗa maka."

Korau ya miƙa hannu. Ya ce, "Kawo."

Tsohon ya sa hannu cikin tsagar ƙirjinsa ya zaro wani baƙin dutse mai girman tulu, da ɗumi kamar jikin mai rai. Ya ce, "A hanya akwai masu karɓar rabonsu daga kowane dutse. Ba a hana su. Amma in ka bari suka cinye ta duka, magana ta tafi, ni ma na tafi."

Korau ya naɗa gammo ya ɗauka. Bai yi sallama da kowa ba, don babu wanda zai yi wa. Ya kwance akuyarsa guda ya kora ta wajen gari, ya kama hanya.

Zuciyar tana magana da muryar tsohon, ita ke nuna masa inda zai bi. Kwanakin farko Korau bai iya amsa mata da fiye da kalma biyu ba, don harshensa ya manta hira. Kafin su yi mako ya fara ba ta labarin yadda ake gane dutsen da zai yi niƙa mai laushi, ita kuma tana gaya masa sunayen 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya.

A kwana na goma sha biyu suka fita daga ƙasar mutane, suka shiga wani fili cike da manyan duwatsu mulmulallu, kowanne ɓawonsa na saɓulewa kamar albasa. Da rana ta take tsaka sai wani jan mutum ya tare hanya, iska na rawa a kewayensa. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ni ne Ƙuna. Matata Raɓa ce. Tun da aka halicce mu ba mu taɓa haɗuwa ba, ina zuwa ta tafi, tana zuwa na tafi. Duwatsu ne 'yan aikenmu. Babu dutsen da zai ratsa gidana bai kai mata ɗumin hannuna ba. Sauke kayanka."

Korau ya sauke, ya juya zuciyar yana dubanta da idon sana'a. A gefe guda ya ga wata farar jijiya mai ƙyalli ta ratsa ta, irin wadda takan dakusar masa da kurfi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yarje mini in zaɓi gefen da zai fuskance ka."

Ƙuna ya ce, "Zaɓi."

Korau ya haƙa rami ya binne gefen mai jijiya, ya bar sauran a waje. Ƙuna ya ɗora tafinsa a kai, bai ɗauke ba sai da rana ta faɗi. Da asuba wata farar mace ta zo tana taɓa duwatsu ɗaya-ɗaya. Da ta dafa zuciyar sai ta tsaya, ta lumshe ido, ruwa na ɗiga daga yatsunta. Dutsen ya yi ƙara, ya tsage, kashi biyu cikin uku ya zube ƙasa. Abin da Korau ya tono bai wuce girman kan mutum ba, amma jijiyar tana nan.

Raɓa ta ce, "Ɗan Adam, ka gan shi da idonka?"

Ya ce, "Na gan shi, ranki ya daɗe."

"Yaya kamanninsa?"

Korau ya ce, "Ja ne, dogo, ya fara tsufa. Yana aiki yana waiwaye."

Ta nuna masa kudu da yatsa, ta ɓace kafin rana ta fito.

Daga nan suka faɗa ƙasar tuddan rairayi masu tafiya. In ya zauna hutawa a inuwar tudu da azahar, kafin la'asar tudun ya matsa ya bar shi a rana. Wata rana wani tudu ya wuce ya yaye wani birni da ke ƙarƙashinsa, da ganuwa da rijiyoyi da kasuwa, har da zare a jikin masaƙa, amma babu ko ƙadangare. Korau ya bi lunguna yana sallama, muryarsa tana dawo masa. Kafin ya fita ta ɗaya ƙofar, wani tudun ya fara haɗiye ta farko.

Bayan birnin ya iske wasu duwatsu tsaye, kawunansu ƙatta, ƙafafunsu sirara kamar taɓarya. Yana cikin kallonsu sai wata doguwar mace ta taso daga nesa tana juyi, zanenta na rairayi, ba a ganin ƙafarta. Ta yi dariya ta ce, "Maraba da mai kawo mini abin wasa. Ni ce Guguwa. Sau uku zan wuce ta kanka. Abin da na samu nawa ne, abin da ya saura naka."

Korau ya sake duban duwatsun nan masu siraran ƙafafu, ya gane cewa rairayin da take jifa da shi nauyi gare shi, ba ya tashi sama sosai. Ya ɗaga zuciyar da hannu biyu bisa kansa, ya kafa ƙafa. Wucewar farko ta yayyaga masa wando ta saɓule fatar ƙwaurinsa. Ta biyu ta fitar da jini har gwiwa. A ta uku hannuwansa suka gaza, suka sauko zuwa ƙirji, sai ya ji dutsen yana ragewa a cikin tafinsa kamar sabulu. Da ta lafa, abin da ke hannunsa ya koma girman ƙwallon giginya, gefensa sumul yana sheƙi.

Guguwa ta ce, "Wa ya gaya maka hannuna ba ya kaiwa sama?"

Ya ce, "Duwatsunki ne suka tona miki asiri, ranki ya daɗe."

Ta ƙyalƙyale da dariya ta yi gaba, tana kora tuddanta kamar shanu.

Korau ya yage hannun rigarsa ya ɗaure ƙafafunsa. Zuciyar ta ce masa, "Da ka sauke ni tun a ta biyu, da ban ga laifinka ba." Ya ce, "Ba don kai na yi ba." Ta ce, "Na sani." Suka ci gaba da tafiya. Washegari ya tambaye ta sunan ɗan'uwanta na arba'in, wanda ya manta.

Suna cikin wani kwari mai baƙar ƙasa sai ƙasa ta girgiza, ta buɗe a ƙarƙashinsa. Ya rungume zuciyar ya yi ta sulalawa cikin zafi, har ya faɗo a wata maƙera da ba a ganin iyakarta. Narkakken dutse na gudana a cikinta kamar kunu. A tsakiya wani ƙato ne durƙushe, hannunsa ɗaya a kan zuga-zugi, kafaɗunsa na tallafe da ƙasashen duniya kamar manyan fayafayai, yana tura su a hankali.

Ƙaton ya ce, "Wane ne ya shigo wa Maƙerin Ƙasa ba sallama?"

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shigowa na yi ba, faɗowa na yi."

"Kafaɗata ce ta zame. Haka takan yi, ku a sama ku ce girgizar ƙasa. A shekara ina matsar da fayafayan nan gwargwadon tsiron farcenka. Inda biyu suka yi karo sai su tattare kamar tabarma, ku ce tsauni. Inda suka rabu ku ce kwari." Sai idonsa ya faɗa kan abin da ke hannun Korau, ya tsayar da zuga. Ya ce, "Wannan ai autana ne. Ni na narka su su ɗari, na tura su sama. Auta, dubi yadda suka mai da kai. Zo in sa ka a tukunya in ƙara maka jiki, in tura ka sama sabon tsauni, kanka ya sake wuce gajimare. Sai dai ka sani, abin da ya shiga tukunyata ba ya tuna komai."

Korau ya dubi abin da ke hannunsa. Ya buɗe tafinsa, don ya san ba shi da ikon hanawa. Yana jin ɗumin zuciyar yana ƙaruwa.

Can ta ce, "Baba, na gode. Amma in ka tura ni yau, ni kaɗai zan sake tsayawa. Ka bar ni in je in kwanta tare da su. In lokaci ya yi ka ɗago mu gaba ɗaya. Kuma akwai amanar mutumin nan a cikina."

Maƙerin ya juyo ga Korau ya ce, "Kai fa, ɗan Adam? Ina ganin wani dutse a ƙirjinka da ya fi na hannunka nauyi. Shi ma ina narka irinsa. Miƙo shi, ka fita ba ka san ka taɓa yin ƙane ba."

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, shi kaɗai ya rage mini na Jatau."

Maƙerin ya miƙo hannu. Ya karɓi zuciyar, ya ɗan taɓa ta da masaba, ya ɓalle rabi ya jefa a tukunya, ya mayar masa da saura mai girman ƙwan agwagwa, kusan duk farar jijiya. Sannan ya danna zuga-zugi sau ɗaya. Tururi ya ɗauki Korau ya bi da shi ta maƙogwaron wani tsauni mai aman wuta, ya ajiye shi a kan wani tudu mai sanyi da ciyawa.

A nan ya ga ruwa yana tsatsowa daga ƙarƙashin dutse, siririnsa bai wuce igiya ba. Wata yarinya na zaune a bakinsa tana wasa da tsakuwa. Ta ce, "Sannu da zuwa, baba. Ni ce Ƙorama. A ƙasata ba a ɗaukar dutse a hannu, ni ke ɗauka. Sa shi a nan." Ta miƙa ɗan tafinta mai laushi.

Korau ya ce, "Nawa ne rabonki?"

Ta ce, "Ba na yanka rabo. Shafawa kawai nake yi."

Zuciyar ta ce masa a hankali, "Wannan ita ta kwashe casa'in da tara. Amma babu wata hanya zuwa teku sai ita. Sake ni, Korau."

Ya sake ta. Ya ga ruwa ya mirgina ta, ta bi gangare tana karo da 'yan'uwanta tsakuwa. Ya bi gaɓa da gudu.

Yarinyar tana gaba tana tsalle, tana girma a idonsa. Ta ratsa wani tsauni ta tsakiya, ta wani kwazazzabo mai zurfin da rana ba ta leƙa shi sai da azahar, ta ce masa ita ta yanka shi da duwatsun da take ɗauke da su. Ta faɗa daga wani bakin dutse mai tsawon rimi goma, Korau ya sauka ta gefe yana kama saiwoyi, farcensa biyu suka cire. Kowace safiya takan ajiye masa zuciyar a bakin gaɓa ya gan ta. Ya gan ta kamar ƙwan kaza, ya gan ta kamar goro, ya gan ta kamar gurjiya. Muryarta ta yi ta ƙanƙancewa, sai ya kwanta ya kara kunne sannan ya ji tana tambayarsa yaya ƙafa.

Da suka sauko fili, Ƙorama ta zama cikakkiyar mace mai tafiyar ƙasaita, tana lanƙwasa dama da hagu, tana cin wannan gaɓa tana gina waccan. Ruwanta ya yi ja da laka. Wata safiya Korau ya duba bakin gaɓa bai ga komai ba. Ya kira, ba amsa. Ya tambayi Ƙorama, ta wuce ba ta dube shi ba, don yanzu faɗinta ya fi ƙarfin muryarsa.

Kwana ashirin yana bin ta haka. Yakan shiga ruwa ya ɗebo tsakuwa ya kara a kunne ɗaya-ɗaya, ya zubar. Ya kama kansa yana ba da labarin dutsen niƙa da ƙarfi, ba mai ji. Ya zo wani tafki mai siffar ƙahon sa, wanda da can lanƙwasar kogin ne, kogin ya yanke hanya ya bar shi a baya. Ya zauna a bakinsa yini biyu bai ci komai ba. Ya yi tunanin komawa, ya tuna ɗakinsa da duwatsun da ke jere a gindin katanga, ya ga ba wurin komawa ba ne. Ya tashi ya ci gaba da bin ruwa.

Ƙasa ta yi ta laushi har ta koma taɓo. Kogin ya rarrabu kamar yatsun hannu, iska ta fara ɗanɗanon gishiri. Wata safiya ya fito daga cikin ciyawa ya ga ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. A kan wani tsibirin laka wata tsohuwa tukuf ce zaune, tana sauke kaya daga bayanta, laka da rairayi, tana shimfiɗawa.

Ta ce, "Ka iso, ɗana. Ka gane ni?"

Ya ce, "Na gane ki, Inna Ƙorama. Ina ajiyata?"

"Na gaji, nan nake sauke komai. Ƙasar da kake tsaye a kanta bara babu ita." Ta buɗe tafinta. A tsakiyarsa ga wata farar ƙwaya mai ƙyalli, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta ce, "Baƙin duk na cinye. Wannan ta gagare ni."

Korau ya karɓa da hannu biyu, ya juya wa iska baya, ya kai ta bakin kunnensa. Muryar ta fito kamar kukan sauro.

Ta ce, "Korau, mun iso. Ga amsarka. Tsagar falalen nan, Ƙuna da Raɓa suka fara ta tun ba a haifi kakan kakanka ba. Ruwan sama ya shiga, saiwar cediya ta buɗa ta. Da ba ka hura wuta ba, da zai faɗo, bayan shekara bakwai ko saba'in, a kan wani ko a kan ba kowa. Amma a ranar, wutarka ce ta ƙarasa shi. Ban rage maka ba, ban ƙara maka ba."

Korau ya gyaɗa kai. Ya ce, "Shi fa? Me ya ce?"

"Da farko sunan Allah ya yi ta kira. Sannan ya fara tambaya, 'Yaya ya sauka? Yaya ya sauka?' Yana tsammanin kana kan falalen sa'ad da ya faɗo. Ya tambaya ya fi sau talatin. Da ya jiyo muryarka kana ihu kana kiran mutane, sai ya ce, 'To, yana nan.' Ya ɗan yi dariya. Can wajen azahar ya ce a gaya wa Yaya jakinku bai sha ruwa ba. Daga nan sai kalmar shahada. Shi ke nan abin da ya ce."

Korau ya zauna daɓas a cikin laka. Ya ce, "Na ba shi. Da yamma na ba shi ruwan." Ya maimaita da ƙarfi, yana fuskantar teku, sai kuka ya ƙwace masa, irin na babban mutum, wanda ba shi da daɗin ji. Tsohuwar ta ci gaba da shimfiɗa lakarta ba ta dube shi ba.

Da ya natsu ya shiga ruwa har ƙugu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya sada ka da su." Ya buɗe tafinsa a ƙarƙashin ruwa. Ƙwayar ta yi ƙyalli sau biyu ta nutse. Jim kaɗan sai ya ji wani gunji daga can ƙasa, muryoyi masu yawa masu kauri suna gaisuwa a lokaci guda, har ruwan ya yi rawa a jikinsa. Tsohuwar ta ce daga bayansa, "Suna nan kwance shimfiɗa a kan shimfiɗa, nauyin juna na mai da su dutse. Wata rana maƙeri zai ɗago su." Da ya waiwayo ta riga ta shige teku. Muryoyin ma suka yi ƙasa, suka ɗauke.

Ya koma kan tsibirin ya yi alwala ya yi sallar azahar, ya yi wa Jatau addu'a. Ya zauna. Ruwa ya fara hawowa yana cin gefen tsibirin, shi kuwa bai san ta inda zai bi ba.

Wajen la'asar wani kwalekwale ya fito daga cikin ciyawa, wata dattijuwa mai kamun kifi tana tuƙawa, ruwa na tsatsowa ta gindinsa. Ta tsaya nesa kaɗan ta ƙare masa kallo, da tsummokaran ƙafarsa da gemunsa da ya cuɗe da laka.

Ta ce, "Bawan Allah, mutum ne ko aljan?"

Ya ce, "Mutum ne, baiwar Allah."

"To, wurin nan kafin magariba ruwa zai rufe shi. Daga ina?"

Ya faɗi sunan garinsu. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Ta ce, "Mece ce sana'arka?"

"Dutsen niƙa nake sassaƙawa."

Ta dubi laka ta dama, ta dubi laka ta hagu. Ta ce, "Nan ko tsakuwar jifan tsuntsu babu, sai ka yi tafiyar wata guda. Ba ka iya wani abu ba?"

Korau ya dubi ruwan da ya taru a cikin jirgin har idon sawunta. Ya ce, "Na iya kwarfe ruwa."

Ta matso da kwalekwalen ta miƙa masa ƙoƙo. Ya shiga ya zauna a tsakiya, ya fara kwarfewa, ita kuma ta juya kan jirgin ta nufi inda hayaƙin garinsu ke tashi.